Yadda Ɗalibi Zai Zaɓi Inda Zai Karanta Injiniya Kafin Ya Karɓi Gurbi a CAPS

Duk shekara, da zarar jami'o'i sun fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai ka ga ɗalibin da ya shafe watanni yana jira ya danna maɓallin amincewa a shafin JAMB tun kafin ya gama karanta sunan kwas ɗin da aka ba shi. Murna ce ke jawo haka, kuma ba abin zargi ba ne, sai dai ga mai neman karatun injiniya wannan dannawa ɗaya tana ɗaure shi shekara biyar. Tun da hukumar ta fito da CAPS, wato tsarin ɗaukar ɗalibai ta intanet, a 2017, jami'a ce ke gabatar da sunan ɗalibi, JAMB ta amince, sannan shi ɗalibin ya karɓa ko ya ƙi. Idan ya karɓa, ya fita daga jerin waɗanda wata makaranta za ta iya ɗauka a wannan shekarar. Saboda haka binciken da ya kamata a yi, kafin dannawar ake yin sa.

Da farko ka tabbatar takardunka sun cika. Karatun injiniya yana buƙatar Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri a jarrabawar JAMB, da kuma kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB waɗanda suka haɗa da waɗannan darussa huɗu, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora maka sakamakon sakandare, sannan ka buɗe shafinka da kanka ka ga ya hau, domin ɗalibai masu maki mai yawa sukan rasa gurbi don kawai mai shagon kwamfuta ya ce ya ɗora alhali bai ɗora ba.

Yana da kyau kuma ka san yadda ake rabon guraben, don kada ka ɗauka an zalunce ka idan wanda ka fi maki ya samu kai ba ka samu ba. A jami'o'in gwamnatin tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, waɗanda akasarin jihohin Arewa suke ciki. Makin da JAMB ke sanarwa a matsayin mafi ƙaranci ƙofar shiga ce kawai. Kowane sashe yana da nasa makin bayan an haɗa da jarrabawar tantancewa ta jami'a, kuma sassan da ake rububinsu, irin su lantarki da kwamfuta da gine-gine, sukan tsaya nesa da wancan maki.

Abin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma iyaye da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba, shi ne sahalewar hukumomi. Jami'a tana iya zama tsohuwa mai suna, amma wani sashe a cikinta ba shi da cikakkiyar sahalewa, domin kwas-kwas ake tantancewa ɗaya bayan ɗaya. Hukuma ta farko ita ce NUC mai kula da jami'o'i, wadda ke ba kwas cikakkiyar sahalewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ta hana shi, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Ta biyu ita ce COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya. Ita ce ke yi wa mutum rajista bayan ya kammala digiri ya kuma yi wasu shekaru yana aiki, kuma sai da rajistarta doka ta yarda mutum ya kira kansa injiniya ko ya buga hatimi a kan zanen aiki. Wanda ya fito daga sashen da COREN ba ta sahale ba yakan gane hakan ne a makare, lokacin da ya je neman rajista aka fara yi masa jeka ka dawo. Hukumomin biyu suna wallafa jerin kwasa-kwasan da suka amince da su. Ka nemo sunan sashenka a ciki, ka duba shekarar da aka ba shi sahalewar, domin wadda ta ƙare ba a sabunta ba tamkar babu ce. Wannan ya fi shafar sababbin jami'o'i da sababbin sassa, inda akan ce wa iyaye ai sahalewar tana kan hanya.

Bayan an wuce wannan mataki sai a dubi abin da kowace makaranta ta fi ƙarfi a kai. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta gaji tsangayar injiniyarta ne daga tsohuwar kwalejin fasaha ta Zariya, don haka tana da sassa masu yawa, har da na sarrafa ƙarafa da na albarkatun ruwa, ga kuma tsofaffin ɗalibai birjik a ma'aikatu da kamfanoni, abin da ke amfani ranar neman aiki. Jami'ar Bayero tana da sashen mekatroniks, wanda ke haɗa ilimin inji da na lantarki da na kwamfuta, kuma tana zaune a garin da ke da masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda aka fara a 1980, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, dukansu don fasaha aka gina su tun asali, kuma ta Bauchi tana koyar da injiniyan man fetur. Mai sha'awar jiragen sama ya dubi cibiyar fasaha ta rundunar sojin sama da ke Kaduna, wadda ke ɗaukar farar hula. Akwai kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote. A ganina, ɗalibin da ya samu sashe mai rai a ƙaramar jami'a ya fi wanda ya samu babban suna da sashen da malamansa suka watse.

Ba a gane sashe mai rai daga shafin intanet na jami'a, sai an taka an je. Kuɗin motar zuwa Samaru, harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ko Gidan Kwano, harabar ta Minna, bai kai kuɗin rajistar shekara ɗaya ba. Idan ka isa, ka wuce ginin hukumar gudanarwa ka nemi ɗakin koyon aikin hannu. Ka dubi injin sassaƙar ƙarfe: idan akwai ɓarɓashin ƙarfe a ƙasansa da warin mai a ɗakin, ana aiki da shi, idan kuwa an lulluɓe shi da leda ƙura ta yi masa kauri, to ana ajiye shi ne don ranar da masu tantancewa za su zo. Ka tsayar da ɗan aji huɗu ko aji biyar, ba ɗan aji ɗaya ba, ka tambaye shi mutum nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya lokacin gwaji, sau nawa ake fasa gwajin saboda ɗauke wuta, da kuma ko ana fitar da sakamakon jarrabawa a kan kari. Na taɓa raka wani ɗan ƙanwata irin wannan ziyara, inda ma'aikacin ɗakin gwaji ya nuna mana na'urar gwada ƙarfin kankare, sabuwa fil, sannan ya rage murya ya ce tun da aka kawo ta ba a haɗa ta da wuta ba. Wannan magana ɗaya ta fi mana duk takardun da aka raba mana a ƙofa amfani.

Ka tambayi ɗaliban nan kuma inda suka yi aikin sanin makama. A aji huɗu ana tura ɗalibin injiniya masana'anta na kimanin wata shida a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ke kula da shi, kuma a nan ne da yawa suke fara taɓa aikin gaske, wasu ma a nan suke samun wanda zai ɗauke su aiki daga baya. Sashen da ke da alaƙa da kamfanonin siminti ko na rarraba wuta ko na gina hanyoyi yakan samar wa ɗalibansa wuri, wanda ba shi da ita kuwa sai ya bar kowa ya nemo sakatariyar ƙaramar hukuma ya riƙa sa hannu a littafi.

Sai babbar tambayar da ke hana gidaje barci: an nemi lantarki, an ba da wani kwas dabam. A nan sai a bambance. Idan wani reshe ne na injiniya, kamar na noma ko na ƙarafa ko na albarkatun ruwa, kuma yana da sahalewa, ina ganin a karɓa, domin darussan shekara biyun farko kusan ɗaya ne ga kowa, kuma rajistar COREN iri ɗaya za a samu a ƙarshe. Mutane suna raina injiniyan noma, alhali a yankin da ke da madatsar Tiga da ta Bakolori da ta Dadin Kowa aikin ban ruwa ba ya ƙarewa. Idan kuwa an mayar da ɗalibi Fiziks ko Lissafi ne, to ya sani digirin kimiyya zai samu, kuma alkawarin da ake yi cewa za a sauya masa sashe a aji biyu ya dogara ga maki mai yawa da samun gurbi, ba kowa yake dacewa ba. Wanda zuciyarsa ke kan injiniya zai iya biyan kuɗin sauya makaranta a JAMB ya koma inda ba a cika ba, ko ya yi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko ya yi difloma ta ND a foliteknik kamar ta Kaduna, sannan ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Sai dai a lura, wanda ya ci gaba har babbar difloma ta HND, COREN tana yi masa rajista ne a rukunin masu fasahar injiniya, kuma sai ya ƙara karatu kafin ya hau matakin injiniya.

Maganar kuɗi a yi ta a fili a gaban mahaifi ko wanda zai ɗauki nauyi, a lissafa shekara biyar da wurin kwana da abinci da kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar zane, da kuɗin aikin kammalawa. Asusun NELFUND, wanda ya fara ba da rancen karatu marar ruwa a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati yake ba wa. Jami'o'in kuɗi sukan fi tsayawa a kan kalanda, kuma wanda ya tuna yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya san darajar hakan, amma tsadarsu ba ta zama shaidar sahalewa ba, su ma a duba su kamar kowa. Masu tunanin tsallaka iyaka kuma su tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo.

Idan duk an gamsu, ɗalibi ya shiga shafinsa da kansa ya karɓa, ba tare da ya ba wani lambar sirrinsa ba, sannan ya fitar da takardar shaidar ɗauka ta JAMB ya tabbatar sunan kwas ɗin da ke jikinta shi ne wanda jami'a ta rubuta. Duk wanda ya ce zai samo gurbi ta bayan fage, a fara zuwa aji daga baya a gyara takardu, a guje shi, domin JAMB ba ta san da ɗalibin da bai bi ta CAPS ba, kuma idan sunansa bai shiga rajistarta ba, ba za a kira shi hidimar ƙasa ba bayan shekara biyar ɗin.