Ga masu faɗin kafaɗa da ke kwana a gona da hunturu

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ya yi tambaya jiya kan buhun barci, wato bargo mai zif da ake shiga ciki a kwana, to ga abin da na gani a shekara biyu ina gadin tumatir a fadamar Kura.

In kana da jiki, ka guji mai tsukakken ƙasa irin na masu hawan dutse. Yawanci zagayen kafaɗarsa ba shi da faɗi sosai. Ni na sayi irinsa a gwanjo, zif ya ƙi wuce ƙirjina, na kwana rabi a waje, da asuba haƙora na kaɗawa. Kuma ko ya rufu, in ya matse ka, audugar ciki takan danne, sanyi ya shigo ta kafaɗa.

Nemi mai kusurwa huɗu. Ka auna kanka da igiya, hannaye a jiki, sanye da rigar sanyi, ka ƙara kamu ɗaya, ka tafi da igiyar zuwa kasuwar Ƙofar Wambai. Kar ka ji kunya, ka shiga ciki a gaban mai kaya.

In babu, sayi biyu masu zif iri ɗaya ka haɗe. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin tabarma, don sanyin Janairu daga ƙasa yake tasowa.