Yadda za ki raba mage da shimfiɗar jariri a hutun hunturu

Duk gidan da ke da mage, aka kuma yi haihuwa wajen ƙarshen shekara, akwai daren da maijego za ta farka ta tarar da magen a kwance jikin jariri. Na ga haka a gidaje uku, har da nawa. Abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: a yi salati, a jefi magen da takalmi, da safe a ba yaro buhu a ce ya kai ta bayan gari. Kwana biyu ta dawo, ta koma inda aka kore ta. Sanyi ne ke kai ta. Zafin jikin mage digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara namu, shi ya sa kullum take neman inda za ta raɓa. A watannin Disamba da Janairu kuwa, lokacin da sanyin asuba a Kano ko Zariya kan sauka ƙasa da digiri 15, babu abin da ya kai jariri ɗumi a gida: an naɗe shi, yana ƙamshin nono, kuma ba ya ture kowa.

Fara da likitan dabbobi, tun kafin a ba yara hutu

Ki sa a kai magen a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Ana fara allurar tun tana wata 3. Idan kin ga wani wuri a jikinta gashi ya zube ya yi da'ira, ki nuna wa likita, don makero ne galibi, kuma yana kama fatar jariri. Asibitin dabbobi na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, ba sai kin je na kuɗi ba. Abu biyu kada ki kuskura: ba mage farasitamol, ko shafa mata maganin ƙumar kare. Duk biyun suna iya kashe ta.

Yi mata nata wurin ɗumi

Kwalin taliya ya isa. Ki yanka ƙofa a gefe, ki shimfiɗa tsohon zane ko rigar sanyin da yara suka daina sawa, ki ɗora kwalin a kan benci ko buhun hatsi, kada a kan siminti. Ni sito na fi so, musamman wanda ya haɗa bango da kicin, don bangon yana riƙe ɗumi har cikin dare. A nan za ki riƙa ba ta abincin dare, kullum a lokaci ɗaya. Ki fara wannan mako biyu kafin baƙin hutu su iso, saboda mage ba ta karɓar sabon wuri a rana guda. Kada ki shimfiɗa mata zanen goyo ko wani kayan jariri, kina koya mata cewa inda wannan ƙamshin yake nan ne makwancinta.

Ƙofar ɗaki, a nan ake faɗuwa

Nan ne ni ma na faɗi, don haka ki yi haƙuri in daɗe. 'Yata tana wata biyu, na riga na yi duk abin da na zayyana a sama, magen ta saba da kwalinta, hankalina kwance. Sai aka yi hutu, yayar maigidana ta zo da 'ya'yanta huɗu za su yi biki a unguwa. Aka kwashe kayan sito aka jibge akwatuna, kwalin mage ya tafi bola ba wanda ya gaya mini. Yara biyu suka dawo ɗakina kwana. Cikin dare ɗaya ya fita fitsari, ya dawo ya bar ƙofa a buɗe, labule kawai ya saki. Da na farka shayarwa sai na ga magen a saman gidan sauron gadon jariri, nauyinta ya lotsa ragar har tana taɓa fuskar yarinyar. Allah ya kiyaye, amma har yau in na tuna gabana yana faɗuwa.

Na ɗauka gidan sauro katanga ne, ashe ga mage shimfiɗa ce mai laushi. Jaririn da bai kai wata 4 ba ba ya iya juyawa ya kuɓutar da hancinsa, ko ya ture abin da ya danne shi. Saboda haka dokar ita ce: duk lokacin da jariri yake barci, dare ko rana, mage tana waje, ƙofa a rufe da sakata. Labule ba ƙofa ba ne. Kafin ki rufe ki leƙa ƙarƙashin gado da cikin durowa, don sau da yawa da ita ake rufe ɗakin. Ki duba taga ma, in ragarta ta yage a gyara. Idan ƙofar ba ta kamawa, ƙaramar sakata ba ta da tsada, kafinta zai buga miki cikin minti goma. A buga ta sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sannan ki yi magana da baƙi tun ranar da suka sauka, kada kunya ta hana ki. Cewa za ki yi, “Yaya, don Allah duk wanda ya fita ya ja mana ƙofa, saboda mage.” Ga yara kuwa ki zaɓi babban cikinsu ki ɗora masa aikin, ki ce shi ne mai gadin ƙanwarsa. Ya fi ki tsawatar wa kowa. Kuma kada a taɓa kwalin mage, ko an sauya wa kowa makwanci.

Wasu za su ce a kulle ta a sito har hutu ya ƙare a huta. Ban yarda ba. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Rufewar dare kawai ake bukata, da ruwa da abinci da kwanon yashin da za ta yi kashi a ciki a gefe, da safe a buɗe ta sha hantsi.

Ɗumama ɗaki

Idan kin rufe ƙofa saboda mage, to kaskon gawayi ba zai kwana a ciki ba. Garwashi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci, jariri ne kuma farkon wanda take kamawa. Ki ƙara masa riga da safa ya fi. A kwantar da shi rigingine a kan katifa mai tauri, ba matashi, ba tulin barguna. Bargon da kika fito da shi daga akwati, in an ajiye shi da kafur, ki wanke ki shanya kafin ya taɓa jikinsa. Kafur yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo shawara mai tsanani, kuma magen ma guba ne gare ta.

Da rana

Ki bar ta ta shinshina ƙafarsa yana hannunki, kada ki daka mata tsawa. In ya fara rarrafe sai ki ɗauke kwanon abincinta da na yashi daga hanyarsa, a kwashe kashin kullum, a wanke hannu. Ragowar miyar biki kada a zuba mata, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Daren Kirsimeti da na sabuwar shekara, in unguwarku ana wasan wuta, ki shigar da ita sito tun magariba, don magen da ta firgita ita ce mai yakushi.

In kuwa ta cije shi ko ta karce shi har fata ta fashe, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ki kai shi asibiti a ranar, ko da an yi mata allura. Ki tafi da katin allurar tata a jaka.