Kafin ku shiga gidan abincin gargajiya a Faransa

Jama'a, ga masu shirin tafiya Faransa, ku lura da lokaci. Yawancin gidajen abincinsu na gargajiya daga 12 zuwa 2 na rana suke ba da abincin rana, sai su rufe kicin har wajen 7:30 na dare. Wanda yunwa ta koro da la'asar sai dai ya nemi burodi a shago. Da rana abin ya fi araha, ku tambayi "formule", wato kwano biyu ko uku a farashi guda.

Inda ya kamata a buɗe ido shi ne naman alade da giya, domin ba kullum sunan abincin ke nuna su ba. Salak ɗin da ake yi a birnin Lyon da ƙananan yankan naman alade ake yayyafa shi, lardons suke ce musu. Bœuf bourguignon naman sa ne, amma a cikin jar giya ake dafa shi, haka ma kazar coq au vin. Ku tambayi mai kawo abinci kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Ni dai kifi nake ganin ya fi kwanciyar hankali, shi ma a tambayi miyarsa.

Gasasshen nama kuwa, in ba ku ce "bien cuit" ba, wato ya gasu sosai, da jajaja a tsakiya zai iso.

Ruwan famfo a tulun gilashi kyauta ne, burodi ma haka. Ladan hidima yana cikin farashi. Takardar lissafin kuɗin abinci ba ta zuwa sai kun nema, kuma kada ku zauna kafin ku ce "bonjour" a nuna muku tebur.