Kurakuran da masu koyon harshen Suwidin suka fi yi, da yadda ake gyara su

Wanda ya shiga ajin SFI, karatun harshe na kyauta da ƙananan hukumomin Suwidin ke shirya wa baƙi, yakan ɗauka nahawu ne zai kayar da shi. Nahawun yana da nasa wahala, amma abin da ya fi jefa mutum cikin jin kunya shi ne rashin sanin yadda masu harshen ke mu'amala da shi a wurin aiki da cikin unguwa.

A fara da agogo, don shi ne mai ci wa mutum kuɗi. Idan aka ce maka "halv tre", kunne zai ji rabi da uku, ka ce ai uku da rabi ke nan. Biyu da rabi ake nufi, wato saura rabin awa uku ta cika. Mai wannan kuskure zai isa asibiti a makare da awa guda cur, kuma a can wanda bai zo ganin likita a lokacinsa ba ana aiko masa da takardar biyan kuɗi. Gyaran mai sauƙi ne: in ka ji "halv", rage ɗaya daga lambar da ta biyo. Haka kuma da lambar mako suke tsara al'amura. Makaranta za ta rubuto cewa hutun kaka yana "vecka 44", ba wanda zai faɗa maka wata. Sai ka kunna lambobin mako a kalandar wayarka.

Sai batun girmamawa, inda tarbiyyarmu ke ruɗa mu. Bahaushe ya saba ce wa babba "ku", sai ya ɗauko "ni", wato "ku" ɗinsu, ya yi wa tsohuwar maƙwabciyarsa da shi, ita kuwa tana iya jin kamar ana nesanta ta. Tun ƙarshen shekarun 1960 suka koma "du", wato "kai" ko "ke", ga kusan kowa. Ana yawan tuna Bror Rexed, shugaban hukumar lafiya, wanda a 1967 ya ce da "du" zai riƙa kiran ma'aikatansa. Malami, likita, shugaban aiki, duk da sunan yanka ake kiran su. Doguwar gaisuwa ma ba ta cikin lissafi, "hej" ta wadatar. Amma kada a ce ba su da ladabi, a godiya suka zuba nasu. Bayan cin abinci a gidan mutum ka ce "tack för maten", wato na gode da abinci. In kun sake haɗuwa bayan kwanaki, ka fara da "tack för senast", wadda ita ce bangajiyarsu. Mai mantawa da ita yana rasa daraja bai sani ba.

Kuskuren da na fi ganin illarsa shi ne ƙauracewa fika, zaman shan kofi da ɗan burodin kirfa da ake yi a wuraren aiki. Baƙo yakan tsaya kan aikinsa don a ga ƙwazonsa, alhali a teburin nan ne ake jin harshen da littafi ba ya koyarwa. Ko ba ka shan kofi, ɗauki shayi ka zauna. Da zarar sun ji kana in'ina za su juya Turanci don su sauƙaƙa maka, kai kuma ka ji daɗi ka bi su, shekara ta wuce bakinka bai buɗe ba. Ce musu "kan vi prata svenska?", wato za mu iya magana da harshen Suwidin? Za su koma.

A furuci kuwa muna da sa'a, don kunnenmu ya san jan wasali. "Tak" mai ja rufin ɗaki ne, "tack" gajere godiya. "Glas" kofin gilashi, "glass" kuma askirim. A saurara kawai da kyau.

Na nahawu guda biyu ne suka fi yawa. Kada ka haddace suna shi kaɗai, haɗa shi da "en" ko "ett" nasa, ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna: en bil (mota), ett hus (gida). Sannan fi'ili yana zama a gurbi na biyu a jimla, don haka "i dag dricker jag kaffe" (yau ina shan kofi, fi'ilin shi ne "dricker") ake cewa, ba "i dag jag dricker" ba. Jaridar 8 Sidor da labaran Radio Sweden cikin sauƙaƙan harshe suna saba wa kunne da wannan jeri, kuma ɗakunan karatu da yawa suna shirya språkcafé, inda ake zama a yi hira kyauta.