Yadda za ka gane ƙarfe mai tururin nukiliya kafin ka ɗora shi a sikeli

Najeriya ba ta da bam na nukiliya, ba ta kuma da tashar lantarki ta nukiliya. Abin da muke da shi ɗan ƙaramin injin bincike ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, sai yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, inda ake maganar Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Shi ya sa idan aka ɗauko zancen illar nukiliya a majalisa a nan Gombe, sai a ce ai wannan matsalar Turawa ce da mutanen Japan. Iyayenmu ba su ɗauke ta haka ba. Lokacin da Faransa ta riƙa gwajin bam a Reggane cikin Saharar Aljeriya a 1960, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa korar jakadanta ta yi a farkon 1961, domin kowa ya san daga ina iskar hunturu take busowa.

Amma a yau hanyar da nake tsoron wannan abu ya shigo mana ita ce hanyar gwangwan. Ni ma'aikacin ɗakin hoto ne a wani asibiti a garin nan. Kullum da ɗan bajo maƙale a rigata mai lissafa yawan tururin da jikina ya sha, ana karɓa lokaci-lokaci a auna. Ɗan kawuna kuwa gwangwan yake saye wajen Tudun Wada, yara na turo masa ƙarfe a baro da kura daga safe har magariba, kuma kayan aikinsa sikeli ne da mayen ƙarfe da guduma. Shi ya fi ni shiga haɗari nesa ba kusa ba. Don shi da ire-irensa na rubuta wannan, da ma duk mai walda ko maƙeri da ke sayen tsohon ƙarfe.

Ka fara da sanin inda abin yake fitowa. A injinan nukiliya ake samar da sinadarai irin su kobal-60 da siziyom-137 da iridiyom-192, sai a rufe su cikin ƴar ƙwayar ƙarfe, wata ba ta kai ɗan yatsa ba, a sayar wa masu buƙata. Asibitocin gashin ciwon daji suna amfani da su. Masu duba waldar bututun mai suna amfani da su. Haka masu aikin titi da ke auna ƙarfin daɓe, da manyan masana'antu masu auna cikar tanki, da masu haƙar rijiyar mai da ke zura su cikin rami don gane abin da ke ƙasa. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a Nuwamban 2022, a kan iyakarmu da Bauchi, ya kamata mu ƙara buɗe ido. Muddin ƙwayar tana cikin gidanta, a hannun wanda ya san ta, lafiya lau. Matsalar tana farawa ne ranar da kamfani ya tashi ya bar kaya a kango, ko ɓarawo ya fasa mota. An taɓa yi a ƙasar nan: a ƙarshen 2002 irin waɗannan ƙwayoyi guda biyu suka ɓace daga motar wani kamfanin aikin mai a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus cikin kayan gwangwan.

Alamar farko ita ce tambari. Da'ira ce ƙarama a tsakiya, da fuka-fukai uku kewaye da ita kamar na fankar sama, baƙi ko shunayya a kan rawaya. Akwai kuma sabon tambari da aka fito da shi a 2007: alwatika ja, a ciki ga wancan tambarin, ga ƙoƙon kan mutum, ga mutum yana gudu. Shi wannan a jikin abin da ke ciki ake liƙa shi, don haka idan ka gan shi, ka riga ka buɗe abin da bai kamata a buɗe ba. Nemi hoton tambarin biyu a waya yau, ka nuna wa duk yaran da ke kawo maka kaya, ka sa a buga a takarda ka manna kusa da sikeli. A Samut Prakan ta Tailan a 2000, tambarin yana nan a jikin ƙarfen da masu gwangwan suka yanka da wutar walda, ba wanda ya san ma'anarsa. Mutum uku suka rasu.

Sau da yawa fenti ya goge, tsatsa ta cinye rubutun. A nan nauyi ne zai gaya maka. Gidan ƙwayar da dalma ake yin sa, ko wani ƙarfen da ya fi dalma nauyi, saboda haka za ka ga abu bai fi tulun gas ƙarami ba amma ƙarti biyu na nishi kafin su ɗaga. Yawanci mulmulalle ne ko dogo mai zagaye, da mariƙi, da ɗan makulli ko marfi mai juyawa, wani da bututu ko igiyar ƙarfe a jiki. Na san abin da zuciyar ɗan gwangwan take faɗa idan ya ji irin wannan nauyi: dalma ce, kuɗi ne. A daidai wannan lokacin nake roƙonka ka janye hannu. Kada a sa masa guduma, kada a kai wa mai walda ya yanka, kada a kwance ko noti ɗaya. Dalmar nan da kake so ita ce take tsare ka daga abin da ke ciki.

Labarin Goiânia a Brazil ya kamata kowane ɗan gwangwan ya san shi. A Satumban 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani tsohon asibitin gashin daji da aka yi watsi da shi, suka ɗauko kan na'ura a baro, suka huda ta, suka sayar wa mai gwangwan. Da dare ya ga wani gari a ciki yana ba da haske shuɗi, ya burge shi, ya shiga da shi gida, ya riƙa ɗiba yana ba ƴan'uwa da abokai. Wasu har shafawa suka yi a jiki. Garin bai kai giram 100 ba. Wata yarinya ƴar shekara 6 ta ci abinci da shi a hannunta. Matar mai gwangwan ce ta lura kowa a gidan yana ta amai, ta sa aka zuba abin a jaka, ta shiga motar haya ta kai wa jami'an lafiya, bayan kusan mako biyu da ɗauko shi. Ita da yarinyar da ma'aikatan wurin biyu duk sun rasu. An auna mutum kusan 112,000, aka sami 249 da garin a jikinsu, aka rushe gidaje, aka kwashe ƙasar unguwa. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne duk wanda ya ba wani garin nan don ƙauna ya ba shi.

To idan abin ya riga ya shigo filinka fa? Ka bar shi inda yake. Kada ka ce bari ka kai wa ƴan sanda, kada ka jefa a kwata ko rijiya, kada ka binne, kada kuma ka mayar wa yaron da ya kawo don ka rabu da fitina, domin gidansu zai kai. Nisa ita ce kariyarka ta farko, kuma lissafinta a bayyane yake: wanda ke mita 2 yana shan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai mita 1 yake sha, mai mita 10 kuwa ɗaya cikin ɗari. Fitar da kowa aƙalla mita 30, wato kamar taku 40 na babban mutum, a ja igiya, a tsayar da dattijo mai faɗa a ji ya hana yara da masu kallo. Idan akwai katangar bulo, ku koma bayanta. In za ka ɗauki hoto, daga nesa, sau ɗaya. Sannan ka kira 112, ka sanar da ƴan sanda ko sibil difens da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, ka faɗa musu a fili cewa kana zargin kayan nukiliya ne, a nemo NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Ita doka ta ɗora wa kula da irin waɗannan kaya a Najeriya, kuma ita ke da masu aunawa. Kafin su iso, ka rubuta sunan duk wanda ya taɓa abin, da tsawon lokacin da ya yi kusa da shi, da inda aka samo shi.

Na san dalilin da zai sa mutum ya yi shiru: tsoron a ce ya sayi kayan sata. Gara ka amsa tambayoyi a ofis da a ce abin ya kwana kusa da ɗakin da yaranka suke barci. Ka tafi da shugaban ƙungiyarku ko mai unguwa in hankalinka bai kwanta ba.

Idan an fasa abin har gari ko ƙura ta fito, wanda ya taɓa ya cire rigarsa ta sama a hankali ba tare da kaɗewa ba, a sa a leda a ɗaure a ajiye nesa. Wannan kaɗai yana raba mutum da mafi yawan abin da ya hau jikinsa. Ya yi wanka da sabulu da ruwa mai yawa, ba da soso mai kaushi ba, domin fatar da aka kurje hanya ce. Kada ya ci goro, kada ya sha ruwa ko ya kai hannu baki kafin ya wanke hannu.

Yanzu maganar jiki, wadda ita ce ta fi rikita mutane. Tururin nan ba shi da wari, ba a ganinsa, ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga. Bayan ƴan awanni sai tashin zuciya da amai da gudawa da kasala, daidai abin da za a ce maleriya ce ko taifot ko an ci abin da ya lalace. Daga nan mutum ya ji sauƙi na kwanaki, a ce ya warke. Sai hannu ko cinya, wurin da abin ya taɓa, ya yi ja, ya kumbura, ya yi bororo kamar ƙuna alhali ba wuta, gashi ya fara zuba bayan mako biyu ko uku, dasashi na jini. A wannan gaɓar wasu za su ce jifa ne. Idan mutum biyu ko uku da suka yi aiki a kan ƙarfe ɗaya suka kwanta tare da irin wannan ciwo, a je babban asibiti, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce sana'arsu da ƙarfen da suka taɓa. Likita ba zai kawo wannan a ransa ba sai an faɗa masa. In an faɗa, zai sa a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini a jere, daga nan ake gane girman abin, kuma akwai magani. A Goiânia an ba mutane wani magani shuɗi mai fitar da siziyom daga jiki. Gishiri mai aidin ba ya maganin wannan, madara ma haka, manja ma haka. Ƙwayar aidin da ake rabawa idan tashar nukiliya ta yi haɗari aikinta ɗaya ne, kare ƙululun wuya daga aidin mai tururi, irin wanda ya shiga madara bayan fashewar Chernobyl a 1986 ya jawo wa dubban yara ciwon daji a wuya.

Kuma don Allah kada a guji majinyaci. Wanda tururi ya ratsa ba ya shafa wa kowa, wanda gari ya hau jikinsa kuma da an cire kaya an yi wanka an auna shi, shi ke nan. Haka kuma kada wannan rubutu ya sa wani ya ƙi hoton ƙirji da likita ya rubuta. Na'urar da nake aiki da ita da lantarki take yin haskenta, da an kashe ta babu komai a cikinta.

Akwai wani ɓangare da ba ya zuwa da tambari ko kaɗan. A Arlit ta jihar Agadas a Nijar, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971 aka daɗe ana kai wa tashoshin Faransa, masu bincike sun auna tsoffin ƙarafan da suka fito daga wurin haƙa a cikin kasuwar garin suka same su da tururi. Ƙarfe kuwa ba ya sanin iyaka. Kusa da mu ma, yashin da ya rage bayan wankin kuza a Filato yana ɗauke da toriyom da yuraniyom, saboda haka masu aikin ma'adini ta wajen Toro su daina yaɓen ɗaki da shi ko tara buhunansa a inda ake kwana. Irin wannan ba ya kwantar da mutum yau, a hankali yake yi cikin shekaru.

Ido ba ya gane wannan, sai na'ura. Shawarata ga ƙungiyar masu gwangwan ita ce a yi karo-karo a sayi na'urar auna tururi ta hannu ko da guda ɗaya, a ajiye wurin da ake lodin tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun. Manhajar waya ba ta wadatar ba. Kowace safiya a kunna ta a fili nesa da ƙarfe, a rubuta abin da ta nuna, yawanci tsakanin 0.1 da 0.3 na maikirosibat (ma'aunin tururi) a awa. Sai a zagaya kaya a hankali, na'urar kusa da ƙarfen, ana kallon lamba. Idan ta riƙa hawa yayin da kake matsawa har ta ninka ta safe sau da yawa, ka ja da baya ta hanyar da ka zo, kada ka tona tulin don neman abin, a tsayar da lodin, a kira hukuma.