Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin ƙwayoyi da iskar gas

Duk wanda ya taɓa duba takardun jarrabawar kemistiri ya san akwai tambaya guda da ke kayar da ɗalibai kamar sun haɗa baki. Ga iskar gas da ta cika santimita kubik 300 a zafin digiri 27 na ma'aunin Selsiyos. Aka ɗumama ta zuwa digiri 54, matsin bai canza ba. Wuri nawa za ta cika yanzu? Yaro ya ga 54 ninki biyu ne na 27, sai ya rubuta 600, har da jan layi biyu a ƙasa. Amsar kuwa 327 ce. Dokar Charles, wadda ta ce wurin da gas ke cikawa yana ƙaruwa daidai da zafinsa in matsi bai canza ba, ba ruwanta da ma'aunin Selsiyos, da ma'aunin Kelbin take aiki, don haka sai an ƙara 273 a kan kowane zafi kafin a taɓa lissafi: 27 ya koma 300, 54 ya koma 327. Sifilin Selsiyos wurin daskarewar ruwa ne kawai, ƙwayoyi, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da suka haɗu suka yi ruwan, na nan suna ta motsi abinsu. Sifilin gaske yana can ƙasa, wajen digiri 273 ƙasa da shi. Ni dai abin da nake ce wa ɗalibi shi ne, kada alƙalaminsa ya rubuta dokar sai ya gama juya zafin.

Kuskuren da ya fi wannan zurfi ba a lissafi yake ba, a cikin kai yake. Ka ce wa yaro ya zana ƙwayoyin iskar da ke cikin balan-balan kafin a ɗumama ta da bayan an ɗumama. A zane na biyu za ka tarar ya kumbura ƙwayoyin, kowace ta yi ƙiba. Ai ƙwaya ba ta kumbura. Zafi gudu yake ƙara mata, ta riƙa dukan bangon balan-balan da ƙarfi kuma a kai a kai, bangon ya ja baya, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ta ƙaru. Girmansu da yawansu suna nan yadda suke. In ka sake tambaya me ke cikin wannan tazarar, sai a ce maka iska. To iskar kanta fa, ba ƙwayoyin ba ne? Babu komai a wurin, fili ne fayau. Shi ya sa gas ke matsuwa, ruwa kuwa da ƙyar.

Gwada da sirinji marar allura. Ja iska zuwa layin 20, toshe bakin da yatsa, ka danna zuwa layin 10. Za ka ji tana turo hannunka, domin matsin ya ninka. Dokar da masanin kimiyya Robert Boyle ya wallafa ke nan a 1662. Amma sharaɗin da ake mantawa shi ne zafi da yawan gas ɗin su zauna daram. In iska ta sulale ta gefen yatsa, dokar ta tashi daga aiki.

Sai tafasar ruwa. Kumfar da ke tasowa daga gindin tukunya sa'ad da ruwa ke tafarfasa ba iska ba ce, ba kuma haidirojin da oksijin ne suka rabu ba. Tururin ruwa ne, ƙwayoyin nan dai na ruwa, sun dai nisanci juna. Farin hayaƙin da ake gani a sama ma ba shi ne gas ɗin ba, 'yan ɗigon ruwa ne da suka fara hucewa. Tururi na gaske ba a ganinsa. Kuma ko ka ƙara wuta, ruwa zalla ba zai wuce digiri 100 ba a matsin iska na bakin teku, sauri kawai zai ƙara wajen ƙafewa.

Wasu kuma suna ɗauka gas ba shi da nauyi. Yana da shi: lita ɗaya ta iskar ɗaki ta kai wajen giram 1.2. Adadin nan na lita 22.4 ga mol ɗaya (mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyi da shi a kemistiri) shi ma ana cusa shi inda bai dace ba. Na gas ne kaɗai, a digiri 0 da matsin atmosfiya 1, wato matsin iska na bakin teku. Mol ɗaya na ruwan sha giram 18 ne, bai fi cikin babban cokali da ɗan ƙari ba.