Darasin girki a unguwa: a fara da cebujen na Senegal

In ƙungiyarku a Yamai za ta koyi girkin ƙasashen waje, kada ku wuce mutum takwas a tukunya ɗaya, don kowa ya sa hannu. Ku nemi ƴar ƙasar da girkin ya fito ta tsaya a kanku. Cebujen, dafa-dukan kifi na birnin Saint-Louis da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021, ya fi dacewa da darasin farko, domin kayansa duk ana samu a kasuwannin Yamai.

Ku tanadi giwan ruwa kilo 1 da rabi, karyayyar shinkafa kilo 1, mai rubu'in lita, tumatirin gwangwani giram 200, albasar Galmi 3, rogo, karas, kabeji, yalo, tsamiya, faski, tafarnuwa da tattasai.

A daka faski, tafarnuwa da tattasai, a tsaga kifin, a cusa. A soya shi sama-sama a kwashe. Sai tumatir da albasa cikin man nan, minti 15 kan wuta kaɗan har ya yi duhu. Nan aka fi yin kuskure: wadda ta yi gaggawa, girkinta zai yi tsami. A zuba ruwa lita 3, a sa rogo da karas, kabeji, yalo da tsamiya daga baya. A mayar da kifin cikin romon, minti 20 ya ishe shi, in ya wuce sai ya farfashe.

A kwashe komai, a rage romon. A turara shinkafar, sannan ta shiga, romo ya ɗan rufe ta kawai. In ya yi yawa sai ta caɓe. Ƙanzon kuwa kada a zubar, Senegalawa gefen faranti suke sa shi. Daren walima a zuba a babban faranti, a ci tare.